'Yata ta daina barci saboda jarrabawa, har ta ce da ma ta kwanta kada ta farka

Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce a Tudun Wadan Zariya. 'Yata ta fari shekararta 16, tana ajin ƙarshe na sakandare, ga JAMB ga WAEC a gabanta. Tun tana ƙarama babanta yake kiranta Dakta, burinsa ta karanta likitanci a ABU. Ƙarfe biyar take tashi, ta yi sallah, ta yi wanke-wanke, ta shirya ƙannenta, ta tafi makaranta. Ana tashi a shiga lesin sai huɗu, daga nan Islamiyya sai dab da magariba. Bayan isha'i ta ɗauki littafi, sai ɗaya da rabi ko biyu na dare take kwanciya, tana shan Nescafe don kada barci ya ɗauke ta. Wata biyu ke nan ta rame, kullum ciwon kai, abu kaɗan sai kuka ko ta daka wa ƙannenta tsawa. A da ita ke zuwa ta ɗaya, zangon da ya wuce ta zo ta takwas. Yanzu ko ta kwanta barcin ba ya zuwa. Shekaranjiya na ji tana ce wa ƙanwarta da ma ta kwanta kada ta farka. Babanta ya ce shagwaɓa ce, surukata ta ce baki ne ko iska, a kai ta wajen mai ruƙiyya. Ni kuma kunyar 'yar fari ta hana ni zaunar da ita. Me zan yi?

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya ba yarinyarmu lafiya, ke kuma Ya saka miki da alheri da kika kasa kunne kika ji.

Zan fara da maganar da kika sa kusan a ƙarshen saƙonki, don tun da na karanta ta ban samu sukuni ba. Yarinya 'yar shekara 16 da ta ce da ma ta kwanta kada ta farka, ba a barin maganarta ta kwana. Mai yiwuwa gajiya ce ta yi magana da bakinta, mai yiwuwa kuma abin ya wuce nan. Ni da ke duk ba mu sani ba, kuma hanya ɗaya ce ta sani: a tambaye ta. Yau ɗin nan, ba bayan jarrabawa ba. Ki bari ƙannen su yi barci, ki shiga ɗakin ki zauna a bakin katifarta, ki ce mata kin ji abin da ta faɗa, kuma ba faɗa kika zo yi ba. Sannan ki tambaye ta kai tsaye ko ta taɓa tunanin cutar da kanta, ko ta taɓa tunanin da me za ta yi. Iyaye da yawa suna tsoron wannan tambayar, suna ganin kamar su ne za su sa wa yaro tunanin a rai. Masana lafiyar ƙwaƙwalwa sun daɗe da tabbatar da cewa tambayar ba ta shuka tunanin, sai dai ta sauke wa mai shi nauyi. In ta amsa, kada ki yi salati ki dafe ƙirji, kada ki fara da wa'azin wuta. Hukuncin ta san shi, a Islamiyya take. Abin da ba ta sani ba shi ne ko akwai wanda zai ji ta har ta kai aya.

Kafin ki shiga ɗakin ma, ki zagaya gidan. Fiya-fiya, maganin ɓera, maganin feshin gona, ragowar ƙwayoyin da ke kan firij ko cikin durowa, duk ki tattara ki kulle inda ke kaɗai kika sani. In ta ce miki e, tana da niyya ko ta tanadi wani abu, to kada a bar ta ita kaɗai, a wuce asibiti a daren, ba sai gari ya waye ba.

Na san kunyar ɗan fari. Da ita aka raine mu, kuma ba na raina ta. Amma iyayenmu da suke kawar da kai daga ɗan fari suna da kaka a gida, da gwaggo, da kishiyar uwa, waɗanda suke ɗaukar yaron su ji cikinsa. Ke a gidan haya kike ko naku, daga ke sai mijinki sai yara. In kika kawar da kai, wa ya rage? In harshenki ya yi nauyi ƙwarai, ki kira ƙanwarki ko wata gwaggonta da suke shiri ta buɗe maganar, amma ke ma ki zauna a wurin. Ko hannunta kawai kika riƙe, ta ga alama.

Yanzu mu zo kan barcin, don a ganina shi ne gindin abin. Mu yi lissafi da abin da kika rubuto. Ta kwanta ɗaya da rabi, ta tashi biyar. Awa uku da rabi ke nan, ran da ta kai biyu kuma awa uku. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka, a shawarar da ta fitar a 2016, ta ce yaro daga shekara 13 zuwa 18 yana buƙatar barcin awa 8 zuwa 10 a kowace rana. Ke nan 'yarki ko rabin abin da jikinta yake nema ba ta samu, kuma an shafe watanni a haka. Ko ƙato majiyi ƙarfi aka yi wa haka, sai ya koma mai saurin fushi da mantuwa da hawaye a kusa. Jiki magayi. Ramar nan, da ciwon kan, da tsawar da take yi wa ƙannenta, ba halinta ne ya canza ba.

Akwai wani abu game da shekarun balaga da iyaye da yawa ba mu lura da shi ba. Ƙwaƙwalwa tana sakin wani sinadari mai suna melatonin idan duhu ya yi, shi ne yake sanar da jiki cewa lokacin kwanciya ya yi. Da yaro ya balaga, sai sakin sinadarin ya riƙa jinkiri, har kusan awa biyu a kan yadda yake a yarinta. Shi ya sa za ki ga yaron da yake ɓingirewa ƙarfe takwas yana ɗan firamare, yanzu goma ta wuce idonsa biyu, da asuba kuma sai an yi da gaske yake tashi. Ba lalaci ba ne, halitta ce. Saboda haka ne ma a 2014 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar kada makarantun sakandare su fara darasi kafin takwas da rabi na safe. Mu a nan ba za mu ɗage asuba ba, kuma ba mu da ikon ɗage ƙararrawar makaranta. Abin da ke hannunmu shi ne daren. To a wannan daren ne 'yarki take ƙara wa kanta abu biyu da ke tura barci gaba: haske a ido, ko na waya ko na tocila, da kuma kofi. Sinadarin kafeyin da ke cikin kofi da goro da lemukan ƙara kuzari, bayan awa biyar zuwa shida da sha rabinsa yana nan a jini. Kofin da ta sha ƙarfe goma sha ɗaya na dare, da shi take yin sallar asuba.

Sai kuma fargaba. Wanda ya kwana da tunanin faɗuwa jarrabawa, jikinsa yana zama cikin shirin gudu kamar wanda aka biyo, zuciya na bugawa, tunani na kai-komo. Fargaba ta hana barci, rashin barci ya ƙara fargaba, kashegari ta zauna a aji kan ba ya ɗauka, sai ta yanke cewa ƙarancin karatu ne, ta ƙara awa ɗaya a daren. Haka abin yake zagayawa. Inda kika ce ko ta kwanta barcin ba ya zuwa, nan ne alamar cewa zagayen ya yi nisa.

Ga abin da nake so ki kai wa babanta, don shi da harshen maki zai fi fahimta. Abin da ɗalibi ya karanta da rana, a cikin barci ne ƙwaƙwalwa take maimaita shi ta adana shi inda zai daɗe. Wannan ba hasashe ba ne, abu ne da binciken kimiyya ya tabbatar. Mahaddata Alƙur'ani ma sun san shi tun kafin a auna: ka biya allo da dare yana maka gardama, ka kwanta, da asuba ka ji ya zauna daram. Wanda ya karanta awa biyu ya yi barci ya fi wanda ya kwana a kan littafi riƙe abin da ya karanta. Saukowar 'yarku daga ta ɗaya zuwa ta takwas ya zo ne a daidai lokacin da ta fi kowane lokaci yawan karatu. Wannan kaɗai ya isa ya sa uba ya tsaya ya yi tunani.

Na koyar a sakandare shekaru masu yawa kafin na bar aji, kuma akwai ranar da ba ta fita a raina. Ina sa ido a ɗakin jarrabawa, cikin zafin nan na bazara da fanka ba ta motsi. Wata yarinya da duk malamai muka sa wa rai, na hango ta ta ɗora kai a kan takarda, biro a hannu. Na ɗauka tunani take. Da na matsa sai na ga barci ne, har yawu ya jiƙa gefen takardar. Na taɓa ta, ta zabura ta dubi agogo, ta fashe da kuka marar sauti. Daga baya ta gaya mini kwana uku ta yi tana tsoma ƙafa a bokitin ruwan sanyi tana taunar goro don kada ta gyangyaɗa. Tambayoyin da ta bari babu wadda ba ta sani ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu malamai da iyaye mu ne muke yaba wa yaran da suke kwana suna fafewa, mu ce su ne masu himma. Wannan yabon namu yana cikin abin da yake kai su nan.

Game da surukarki, kada ki yi jayayya da ita. Addu'a ba ta taɓa zama laifi ba. Ki karanta wa yarinyar Falaƙi da Nasi da Ƙulhuwallahu ki tofa a hannu ki shafa mata lokacin kwanciya, a yi sadaka, Hajiya ta sa mata albarka. Abin da ba zan goyi baya ba shi ne a kai yarinyar da ta riga ta galabaita inda za a yi mata ihu a kunne, a turnuƙe ta da hayaƙi ko a doke ta, a ce aljani ake kora. Kuma kada addu'a ta zama dalilin ƙin zuwa asibiti. Addinin nan da kansa ya yi maganar barci. A Suratun Naba'i Allah Ya ce Ya sanya barcinmu hutu, Ya sanya dare sutura. Abdullahi ɗan Amru ɗan Asi, Allah Ya yarda da su, yana raya dare da sallah yana azumi kullum, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shi, ya gaya masa cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa, idonsa ma yana da haƙƙi a kansa. Hadisin yana cikin Bukhari. In an ce wa mai raya dare da ibada ya ba ido haƙƙinsa, ina ga mai raya shi da lissafi da kimiyya? Ki karanta wa Hajiya wannan cikin ladabi, ina kyautata zaton za ta zama mai taya ki.

Asibiti kuwa dole ne, cikin makon nan, ko da ta ce miki maganar da ta yi ba har zuci ba ce. Dalilina biyu. Na farko, akwai cututtukan jiki da suke kama da wannan: ƙarancin jini, wanda yake yawan samun 'yan mata saboda al'ada, zazzaɓin cizon sauro da bai gama fita ba, ko matsalar ido, in a hasken tocila take karatu. Na biyu, baƙin ciki da rashin jin daɗin komai da suka wuce mako biyu, tare da rama da rashin barci da maganar mutuwa, su ne alamomin da likitoci suke dubawa wajen gano ciwon damuwa. Ni ba likita ba ce, ba zan ce shi ne ba, amma wata biyu ya wuce mako biyu nesa ba kusa ba. Mu a Zariya Allah Ya hutar da mu tafiya mai nisa. Asibitin koyarwa na ABU da ke Shika yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa, a Barnawa cikin Kaduna kuma akwai asibitin gwamnatin tarayya na masu wannan lalura. Za ki iya farawa da likitan asibitin da kuka saba zuwa, ko na Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, ki gaya masa komai har da maganar da ta faɗa wa ƙanwarta, shi zai tura ku inda ya dace. Ki bar ta ta gana da likitan ita kaɗai na ɗan lokaci, akwai abin da ba za ta faɗa a gabanki ba.

Na san abin da zai zo miki a rai: kada a ji a unguwa a ce 'yar wance ta taɓu, a ɓata mata suna wajen aure. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce cikin yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa. Ki ƙirga yaran layinku. Ganin likitan ƙwaƙwalwa ba hauka ba ne, kuma ba sai kin yi shela ba. Abin da nake roƙonki kawai, kada ki je kemis ki sayo mata maganin barci, kada kuma ki karɓi na maƙwabciya. Irin waɗannan ƙwayoyin suna kama jiki, kuma hatsari ne a ajiye su kusa da yarinyar da ta furta abin da ta furta.

A gida kuma, sai an sauke mata kaya. Ba za ki ce mata ta kwanta da wuri ba alhali jadawalin yana nan yadda yake, sai ta kwanta da ido biyu tana jin ta yi laifi. Daga yanzu har a gama jarrabawa, wanke-wanken safe da shirya yara a raba wa ƙannen, ke ma ki ɗauki wani. Na san za ki ce 'ya mace ce, dole ta koyi aiki. Ta riga ta koya, wata uku ba za su mantar da ita ba. Ki je Islamiyya da kanki ki ga malaminsu, ki roƙa a rage mata hadda ta tsaya a tilawa, ko ta koma zuwa Asabar da Lahadi kafin a kammala. Malaman da na sani ba sa ƙin irin wannan in uwa ta zo da kanta. Lesin ɗin ma ku zauna da ita ku duba, darussa huɗu ne a JAMB, wanne ne take buƙatar taimako a kai da gaske, wanne ne ake biya don kawai kowa na zuwa.

In aka samu wannan sararin, sai ta samu ƙailula ta minti ashirin zuwa talatin in ta dawo, kada ta wuce la'asar. Karatu mai nauyi ya koma yamma da bayan isha'i zuwa tara da rabi. Ƙarfe goma a kashe fitila, waya ta kwana a ɗakinki, amma ki gaya mata dalili, kada ta ɗauka horo ne. Daga goma zuwa biyar awa bakwai ne, bai cika ba, amma ya ninka abin da take samu yanzu, ranakun da babu makaranta kuma ki bar ta ta koma bayan asuba, kada a tashe ta shara. Kofin a janye shi a hankali cikin 'yan kwanaki, don yankewa lokaci ɗaya yana kawo ciwon kai, kuma bayan azahar babu shi babu baƙin shayi mai kauri. Daren farko da na biyu barcin zai yi gardama, kada ku karaya. In ta juya ta juya bai zo ba, ta tashi ta zauna a haske kaɗan ta yi tasbihi ko ta saurari karatu a hankali har ya zo, kada ta ɗauki littafin makaranta. Abin da ke damunta game da gobe ta rubuta a takarda kafin ta kwanta ta ajiye. Da zafin nan da ya kunno kai, in ɗakin ya yi turiri a ɗaura mata gidan sauro a tsakar gida kusa da ke.

Saura babanta, kuma nan ne aikin ya fi wuya. Ban ɗauke shi mugun uba ba. Mutumin da yake biyan kuɗin makaranta da na lesin da na rajistar jarrabawa a wannan tsadar, ƙauna ce take sa shi. Amma sunan nan Dakta da ake kiranta da shi tun tana rarrafe ya zama dutse a kanta. A ranta, in ba ta samu likitanci ba, ba jarrabawa kaɗai ta faɗi ba, sunanta ta rasa a gidan ubanta. Ki same shi lokacin da ya ci abinci ya huta, ba a gaban yara ba, ki maimaita masa kalmomin da kika ji da kunnenki, yadda ta faɗe su. In kin san ba zai saurare ki ba, ki nemi yayansa ko aminin da yake jin nauyi. Ki tuna masa JAMB duk shekara ake yi, maki 400 ne a bana, 400 ne baɗi. ABU ɗin da yake buri tana da makarantar share fage a Funtuwa, ga jarrabawar IJMB da ake shiga aji biyu na jami'a da ita, ga harhaɗa magunguna da aikin jinya da sauran fannonin lafiya. Kuma ko an taɓa tambayar yarinyar ita me take so? Wataƙila likitancin ne, wataƙila ba shi ba ne.

Abin da nake fata daga gare shi bai fi jimla ɗaya ba. Ya kira ta da sunanta na yanka, ba Dakta ba, ya ce mata ko ta ci ko ba ta ci ba ita 'yarsa ce, ta je ta kwanta. In ya kasa furtawa, ya zo da kansa ƙarfe goma ya rufe littafin ya kashe fitilar.

Ki rubuto mini bayan kun ga likita, ki gaya mini abin da ya ce, da kuma ƙarfe nawa take kwanciya.